Sallar da Lastri Ba Ta Je Gida Ba

A ƙauyenmu an gama magana har an shafa fatiha: wai mijin Lastri yana rikiɗa ya zama aladen daji. Wai yakan fita da ƙafa huɗu yana goga jikinsa a bangon masu kuɗin birnin Bekasi, kuɗinsu na maƙalewa a gashinsa, ita kuma Lastri tana ɗaki tana gadin kyandir, da zarar harshen wutar ya fara rawa sai ta hure don kada a kama shi. Yu Darmi mai shagon kayan miya ce ta kawo labarin, ta ce ƙanwar surukar maƙwabciyarta ta ga kyandir ɗin da idonta. Hujjarsu kuwa ita ce, ta yaya 'yar manomin rogo da yaron mai tallar miyar ƙwallon nama za su ce za su sayi gida a birni, alhali ko lallen bikinsu bai gama gogewa ba?

To ni Sarno, ɗan kawun Lastri, mai acaba a Bekasi, ina shaida muku ƙarya ce. Teguh dai ko ya rikiɗa iyakarsa ɗan akuya mai zawo, don in ya tsaya a karkace sai ka neme shi ka rasa. Kuma ba ya Bekasi ma. Yana can Kalimantan, bayan teku, yana saran nonon kwakwar manja a wata gonar da aka ce in ka shiga da ƙuruciya sai ka yi furfura kafin ka ga ƙarshenta. Kyandir ɗin ne kawai gaskiya. In mitar ɗakin Lastri ta fara kukan neman kati, sai ta bar ta ta yi ta yi har ta gaji ta ɗauke wuta.

Haka take tun tana ƙarama. Lastri ce za a ba alewa ta tsotsa sau biyu ta mayar a leda, alewar nan ta yi azumi da mu ta yi Sallah da mu. Amma ina ganin na san inda abin ya samo asali. Tana aji uku na firamare babanta ya rasu, aka sayar da gidansu don biyan kuɗin asibiti, ita da uwarta, Bude Sumi, yayar babana, suka dawo ɗakin bayan gidanmu, inda muke jibge buhunan busasshen rogo. A nan ta girma. Ba a taɓa ce musu komai ba, amma Lastri ba ta taɓa kafa ko ƙusa a bangon ɗakin nan ba sai ta tambayi babana.

Da ta gama sakandare ta biyo mu Bekasi, ta sami aiki a kamfanin takalma, tana ɗinka saman takalman da Turawa ke sawa su yi gudu ba wanda ya kore su. A ƙofar kamfanin Teguh ke tura kurar kawunsa. Ya yi ta ƙara mata ƙwallon nama ɗaya a kwano ba ta biya ba, ni kuwa na ce wannan ce kaɗai hanyar shiga zuciyar Lastri. Aka ɗaura aure bayan Babbar Sallah.

Ba su yi mako biyu da aure ba suka je kallon wasu gidaje da wani kamfani ke shirin ginawa can gaban Cikarang, inda jirgin ƙasa ke ƙarewa, mota ta ƙare, acaba ya ƙare, sai ka ƙarasa da addu'a. Gidajen ma babu su, fili ne da aka cike da jar ƙasa aka kakkafa turaku. Aka ce su kawo kafin alƙalami kafin watan Ƙaramar Sallah ya fita, sauran banki zai biya su dinga cirewa a albashi har jikokinsu su yi gemu. In ba su kawo ba a ba wani.

Suka zauna suka yi shawara irin ta mutanen da ba su da tausayin kansu. Kama ɗakin ma'aurata asara ce. Teguh ya tafi gonar manja, inda kwana da abinci kyauta ne. Lastri ta ci gaba da zama a gidan hayar 'yan mata na Bu Haji Romlah, ɗakin da in ta miƙe ƙafa sai ta taɓa maƙwabciya.

Sau ɗaya Teguh ya sami hutu ya zo. Ni na ɗauko shi daga tasha, ya sha turare har ƙudaje na faɗowa a hanya. Muka tarar da Bu Haji zaune a gindin matakala tana jan carbi.

"Ina zuwa, samari?"

"Wajen matata, Bu Haji. Ga takardar aurenmu."

"Na gani, Allah ya sa albarka. Amma takarda ba ta hawa bene a gidana. In na bar ka yau, gobe kowace yarinya za ta zo min da miji da takarda."

A kan bencin baranda suka zauna, Bu Haji na gefe tana gyaran murya. Mata da miji na sunna, suna zance kamar ranar ya fara ganinta. Na ce su kama ɗaki a masaukin baƙi mana, kwana biyu kawai. Lastri ta ce kuɗin kwana biyun nan taga ce guda. Ya kwana a ɗakina, muka raba tabarma, ya yi ta juyi yana ajiyar zuciya har na ji kamar ni na aure shi.

Bayan ya koma, rayuwarta ta zama layi ɗaya. Ta fita da asuba, ta dawo da magariba, ta dafa taliyar leda ta raba biyu. Ranar Lahadi sauran 'yan matan su yi kwalliya su tafi manyan kantuna, ita ta wanke kayanta ta zauna kusa da taga da waya a cinya. A gonar su Teguh babu sabis sai an hau wani tudu, shi ma sai ranar da ba a yi ruwa ba, kuma Kalimantan ce, kullum ana ruwa. Wani lokaci ya kira, su gaisa, ta ce "Mas," wato Yaya, "ka ci abinci?" sai layin ya mutu. Sai ta ci gaba da riƙe wayar a kunne kaɗan kafin ta sauke. Na gani da idona, na yi kamar ina duba tayar babur.

Azumi ya zo, aka fara zancen tafiya gida. Kowa ya san Sallar farko bayan aure ba ta wasa ba ce. Uwa za ta sa amarya da ango a gaba, gida-gida, su durƙusa wa duk wani mai furfura, su raba wa yara sababbin kuɗi. Bude ta riga ta gaya wa duk ƙauye, har ta yi wa ɗakin rogo farar ƙasa. Amma kuɗin mota ya ninka, jirgin Teguh ya fi haka, ga ɗinki, ga tsaraba. In suka je, turken nan ya zama na wani.

Ina wurin ta kira uwarta. Tun daga bakin titi ake jin muryar Bude.

"Gidan da ba a gina ba shi ya fi ni?"

"Ba haka ba ne, Inna. Baɗi in Allah ya kai mu..."

"Wa ya ba ki takardar cewa zan kai baɗi? To ki yi Sallarki da turke. Kada ki kira ni."

Ana jibi Sallah na biya ta wajenta kafin in kama hanya. Bekasi ta zama kufai, har kuliyoyi sun tafi ganin gida. Ɗakunan gidan duk an garƙame, Bu Haji ma ta tafi garinsu ta bar wa Lastri makullai da kifayen tankinta. Makon da babu mai tsare matakala a duk shekara ke nan, mijin kuma yana bayan teku. Na gaya mata haka. Ba ta yi dariya ba. Ta ba ni ɗankwali a leda ta ce in kai wa Bude.

Ranar Sallah, bayan an sauko idi, muka jeru a gaban manya kamar yadda aka saba, kowa ya ja gwiwa ya ɗora goshi a gwiwar babba ya nemi gafara. Na gama da babana da innata, na zo kan Bude, sai wayata ta yi ƙara. Lastri ce, ta bidiyo. Ta sa farar rigar bikinta, ta jingina wayarta a kujerar roba, ta durƙusa a gabanta a tsakar gidan Bu Haji, ba kowa a bayanta sai igiyar shanya.

"Mas Sarno, ɗora ni a gwiwarta."

Na ɗora waya a gwiwar Bude, na riƙe. Lastri ta sunkuyar da kai har ba a ganin komai sai tsakiyar ɗankwalinta, tana neman gafara cikin irin lafazin da ake yi wa iyaye. Har Yu Darmi da ta shigo gulma sai da ta rufe baki. Bude kuwa ta kafa wa bango ido. Hannunta ya ɗan taso kamar za ta shafa kan, ya tsaya a iska, ya koma.

"Sarno, ɗauke min wannan abin, yana min zafi a gwiwa."

Na ɗauke. Da na duba, Lastri ba ta ɗago ba tukuna, ba ta san an ɗauke ta ba.

Na yi kwanaki a gida ina cin ketupat, curin shinkafarmu na Sallah, da miyar kwakwa har wandona ya kai ni ƙara. Bude ba ta ambaci sunan 'yarta ba ko sau ɗaya, ɗankwalin ma yana leda. Ranar da zan koma na hango ta da sassafe tana dawowa daga ƙasan gari da 'yar fartanya, gefen zanenta duk jar laka. Ina ɗaure kaya ta fito da gwangwanin biskit, irin wanda ke kowane gida da Sallah kuma ba a taɓa samun biskit a ciki ba. Ta naɗe shi da tsumma.

"Ka kai mata. In ka buɗe, hannunka ya shanye."

"Me zan ce mata, Bude?"

"Na ce ka ce wani abu?"

Nauyinsa ya sa babur ɗina tafiya a karkace tun daga garinmu Wonogiri. Na ce wannan soyayyen ƙanzon shinkafa ne aka danna da ƙafa. Wajen Brebes yunwa ta ce min hannu ɗaya ma ya isa tuƙi. Na buɗe. Ƙasa ce. Jar ƙasa mai tsakuwar farar ƙasa a ciki, har da tsutsa ɗaya da ta sami tafiya birni kyauta.

Na sami Lastri ta dawo daga ofishin kamfanin gidajen. Ta haɗa da kuɗin Sallar da aka ba su a wajen aiki ta biya, turke ya zama nata, amma fuskarta kamar wadda ta dawo daga jana'iza. Na dire mata gwangwani na ce ga tsarabarki, uwarki ta ce ki yi kunu. Ta buɗe, ta tsaya. Ta ɗebo kaɗan ta murza, ta kai hanci.

"Ta ina ka ga ta fito?"

"Ta ƙasan gari."

"Tsohon gidanmu ke nan. Gefen da aka binne cibiyata." Ta sake murza ƙasar. "Shekara nawa Inna ba ta bi ta layin nan ba. Sai da ta yi wa waɗanda suka sayi gidan sallama ta roƙe su."

A wajenmu ba a ɗebo wa mutum ƙasar gidansu sai in zai tare a sabon wuri, don zuciyarsa ta zauna a can. Lastri ta rungume gwangwanin ta ce in tada babur.

Muka yi ta tafiya har na fara jin mutane na wani yare. Filin na nan, rana na dukansa, babu ko bishiya, sai wata akuya da ke cin takardar da aka liƙa a turken maƙwabci. Lastri ta nemo nata, ta cire takalmi, ta bi gefe-gefe tana barbaɗa ƙasar a hankali, yadda take zuba sukari a shayi. Ta gwada kiran Teguh, ba ta shiga ba. Ta ɗauki hoton ƙasar ta tura masa, ya gani duk ranar da ya hau tudu. Sannan ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar wurin, da gwangwani a hannu, tana kallon inda babu komai.

Shirun ya yi min yawa, na ce bari in taimaka.

"Kai, Hajiya mai gida! Wannan fada haka? In kika yi atishawa a falo sai maƙwabci ya ce yarhamukillahu daga makewayinsa. Miji a waya, uwa a gwangwani, gida a turke. Ina ne ɗakin baƙi? In fara kawo tabarmata."

Ta juyo, idonta ja, ta nuna wani wuri da yatsan ƙafa.

"Nan ne ƙofa, Mas Sarno. Ita zan fara sawa, ko rufi babu. Tun da aka haife ni ban taɓa samun ƙofar da zan rufe wa wani a fuska ba, kuma da kai zan gwada ta."