Ranar Da Aka Karɓe Digar Babana

Babana mai haƙar rijiya ne, kuma shi ke haƙa kabari a ƙauyenmu da ke bayan Gude. Rijiya ita ce sana'a, kabari kuwa aikin lada, ko ruwan sha ba ya karɓa a kansa. Da famfon tuƙa-tuƙa ya shigo, rijiya ta mutu murus. Aka bar shi da maƙabarta da 'yar gonarsa. A wurinmu ba a kafa allo ko rubutu a kan kabari, damina biyu uku tudun ya baje ya koma daidai da ƙasa. Saboda haka duk inda kowa yake kwance, a kan babana yake. In aka yi rasuwa sai ya zo ya tsaya, ya dubi ƙaya da aduwa, ya ce a haƙa nan, can akwai wane.

Ina da aure da 'ya ɗaya, ina ɗinki a Kabo, wasu malaman jami'a masu binciken kayan tarihi suka zo kufan da ke arewa da mu, inda kakanninmu suka zauna kafin su dawo bakin hanya. Suka nemi wanda ya san ƙasa, mai unguwa ya nuna musu babana. Wallahi ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na kwanakin nan ba. Sun kafa turaku, sun ja igiya, suna kankare ƙasa kaɗan-kaɗan da cokalin birkila, suna tankaɗe ta da rariya kamar garin tuwo. Shi kuwa da ya murza ƙasa a yatsa sai ya ce musu nan daɓen ɗaki ne, nan murhu, nan juji. Babbar malamarsu ta riƙa rubutawa tana kiransa Malam. Abin da suka samu bai wuce fasassun tukwane ba, da gawayi, da kashin maƙera, da dutsen niƙa, sai ƙasusuwan shanu da awaki daga jujin mutanen da.

Akwai wani Alhaji mai shagon taki a ƙauyenmu, sa'an babana ne, tare suka yi kiwo. Shi ya sa a ransa zinari ake tona. Ya je ya kai kansa, wai shi ne zai zama idon gari a wurin, suka ce masa sun gode, ba sa bukata. Ranar ya ga babana yana zuba ƙasusuwa a leda. Shi ke nan! Kafin la'asar magana ta gama majalisa, wai mai haƙa mana kabari yana tono kakanninmu yana sayar wa 'yan boko. Har ya ƙara da cewa wa ya san abin da yake yi a tamu maƙabartar in ba kowa. Ƙashin saniya fa, wanda ko mahaucin da ya fara jiya zai gane. Alhaji ya san na saniya ne, ɗan mahauta ne ta wajen uwa.

Mai unguwa ya ƙaryata, malamar ta zo da kanta ta yi bayani, amma ƙarya ta riga su shiga gidaje. Sati biyu bayan tafiyarsu wata tsohuwa ta rasu. Babana ya ɗauki digarsa ya tafi kamar kullum, ni ma ina wurin. Ya sara sau biyu ke nan sai ɗan marigayiyar ya riƙe ƙotar, kansa a ƙasa.

"Baba, ka huta. Yara za su yi."

Babana ya dube shi, ya dubi jama'a. Mutum sama da talatin, duk shi ya binne iyayensu, ba wanda ya tsaya masa. Alhaji na tsaye a inuwa yana jan carbi. Babana ya saki digar ya karkaɗe hannunsa. Na yi kukan kura zan shaƙo Alhaji, babana ya riƙe mini riga ya ce in ji tsoron Allah, gaban gawa muke. Ya tsaya aka yi salla, ya koma gida. Bai sake taka maƙabartar nan ba sai da muka kai shi a makara, bayan shekara huɗu.

Ya yi ta ce mini in bar wa Allah. Na ce to, amma a baki kawai. In na ga Alhaji a kasuwar Gwarzo sai in durƙusa in gaishe shi har da tambayar iyali, zuciyata kuwa na tafasa. Na tsani mutumin nan, ba zan ɓoye ba. Ko takinsa na daina saye, gara in hau babur in je har Dugabau.

Bara waccan damina ta yi ƙarfi, kwazazzabo ya fara cin maƙabarta ta gabas. Malamai suka ce ya halatta a kwashe waɗanda ruwa zai tafi da su a mayar sama. Kowa ya shiga neman nasa, ba wanda ya san takamaimai. Mahaifiyar Alhaji a gefen nan take, an binne ta yana Makka. Sai ga shi a shagona da rana tsaka, ya tsufa, yana dogara sanda. Muka gaisa, ya ce ai ya san marigayi ba zai rasa nuna mini ba, in taimake shi kada ruwa ya ja tsohuwa.

Ban tsayar da keke ba sai da na gama layin da nake. Na ce masa akwai abin da na sani, kuma zan faɗa masa, amma sai ya tsaya a ƙofar masallaci bayan la'asar ya gaya wa mutane ƙashin mene ne ya gani a ledar. Ya ce haba ɗana, abin da ya wuce ai ya wuce. Na ce to Allah ya kiyaye hanya, Baba, na ci gaba da ɗinkina. Matata ta ce abin da na yi ba kyau, tsoho ne. Na ce mata nawa uban da aka wulaƙanta yaro ne?

Kwana uku ana ruwa, a na huɗu ya aiko. Na je. Aka idar da salla ya miƙe, ya ce ƙashin saniya ne, ya sani tun ranar, haushi ne ya sa shi, a yafe masa. Wasu suka sunkuyar da kai, har da wanda ya riƙe ƙotar digar. In za ka gina ramin mugunta, aka ce, gina shi gajere. Na ji sanyi a raina har tafin ƙafa, ba zan yi ƙarya ba.

Ya juyo gare ni a gaban kowa ya ce, "To, ɗana, ina take?"

Na ce, "Baba, ga abin da na sani. Babana bai nuna mini ko kabari ɗaya ba. Ya ce sai ƙarfinsa ya fara ƙarewa zai zaga da ni, kuka kore shi tun da ƙarfinsa. Mutum ɗaya ne ya san inda mahaifiyarka take, yana can kusa da aduwa, ni na saka shi."

Ya zauna a kan dakali, sandar ta faɗi, ba wanda ya ɗauko masa. Liman ya ce na yi tsanani, kuma na san na yi. Ina istigfari a kai, sai dai har yau nadamar ba ta zo ba. Kafin damina ta fita kwazazzabon ya cinye gefen gabas gaba ɗaya.