Tsohon da ke Bakin Kogi

Jan gyalen ne ya fara ɗaukar idona. Yana kaɗawa a fuskar wayarsa, a ƙofar gidanmu a Kebbe, bayan la'asar, na kuwa gane shi tun kafin ya miƙo mini wayar. Gyalen yarinyar wani fim ɗin Indiya ne da aka fassara, wanda na kalla har na haddace.

A lokacin littattafan soyayya ne abincina. Duk wanda zai je kasuwar Tambuwal sai na ba shi saƙo ya sayo mini. Ina tsince wake ina karatu, ina jiran namijin da zai zo da magana irin ta cikin takarda. Wanda ya zo kuwa ɗan kabu-kabu ne daga Sanyinna, mai yawan dariya, tafin hannunsa duk kanta. Ya nemi izinin turo magabatansa, Inna ta ce amsata kaɗai ake jira.

Sai na shirya masa gwaji irin na littafi. Na ba shi memorina, na ce ya kalli fim ɗin ya dawo ya faɗa mini abin da ya gani. A fim ɗin uban yarinyar ya ƙi saurayin, ya wulaƙanta shi gaban jama'a. Da ruwa ya ci garin, saurayin nan ne ya goya tsohon ya haye kogi da shi. Kullum a wurin nake kuka. So nake in ji ko shi ma zuciyarsa za ta motsa.

"Ranki shi daɗe, na samo wanda yaf fi fim ɗin," in ji shi ranar da ya dawo. "Mai turin finafinai na bakin tasha yas sa min. Wasa ne. Wanga ke da kanki za ki zama jarumin."

Na karɓa. Jarumin da nake mafarkinsa, fuskarsa kamar gurasar da aka taka. Tafiya yake irin ta zakaran da aka ɗaure wa ƙafa, in ya juya hannunsa ya shige cikin bango ya fito ta baya. Waƙar da ke sa tsigar jikina tashi ta koma wani ƙiiii, sai ka ce sauro a gwangwani. Aikinsa kawai gudu da tsintar ayaba. Ayaba! Babu ko ɓawonta a fim ɗin. Yarinyar kuwa an kafe ta a kan tudu, hannuwa a buɗe kamar mutum-mutumin gona, ba ta ko ƙifta ido. Ina cikin kallonta tallar maganin ƙiba ta faɗo ta rufe mata fuska.

Har muka kai kogin, wani shuɗin abu shimfiɗe kamar leda. A bakinsa ga tsoho tsaye da sanda.

"Yauwa, ga shi nan, tsohon banza! Shi ka hana ni wucewa. Kawo ki gani."

Ya amshe wayar, manyan yatsunsa suka hau aiki. Naushi a ciki, shuri a ƙirji, tsohon ya wuntsila cikin ruwa, ƙafafu sama. Nan take furanni suka yi ta zubowa a fuskar wayar. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi. A cikin zaure, bayan bangon da muka jingina, ina jin tarin Baba.

"Malam, ka ko kalli fim ɗin?"

"Na fara, wallahi. Kuka da rawa, kuka da rawa, har caji yaƙ ƙare. Ai labarin guda ne, gimbiya. A kau da tsoho, a ɗauki yarinya."

Na ce ya ba ni memorina. Na shiga gida na ce wa Inna kar a turo kowa.

"Don wasan waya? Ke ɗiyag ga, littattafan ga sun cinye miki kai. Takarda za ki tuƙa ki ci?"

Ban sake fita ba ko da ya yi ta aike.

Har yau ina tuna wasan nan. Wani ƙato ya zauna a wata ƙasa, ya kalli hoton bangon fim, ya ga saurayi, ya ga budurwa, ya ga tsoho mai sanda, ya ce ya gane. Ya ɗauki wurin da ya fi ko'ina kyau a labarin ya mai da shi filin dambe. Ban ƙara iya kallon fim ɗin ba, da tsohon ya fito sai in hango ƙafafunsa a sama.

Shi kuwa ya auri wata 'yar Dogon Daji. Bayan shekaru na kai ɗana asibiti a Tambuwal, na gan shi ya tsaya da babur a bakin ƙofa. Surukinsa ne a bayansa, ɓarin jikinsa ya shanye, an ɗaure su tare da rawani. Ya kwance rawanin, ya durƙusa, ya goya tsohon har kan benci, ya gyara masa hula. Sannan ya zauna kusa da shi, ya zaro waya, yatsunsa suka hau aiki.