Kiwon Karen Madam

Lokacin da nake tuƙi a unguwar Abhur a Jidda, matar kafilina, wato maigidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, tana da wani ɗan kare, irin da Turawa ke kira teriya. Bai fi zakara girma ba, gashinsa kamar soson wanke tukunya, ga tsiwar tsiya. Ba na taɓa shi, shi ma ba ya shiga harkata.

Da tafiya ta kama Madam, sai ta bar min shi, ta ce in shirya shi don gasar karnuka da ake yi a wani gidan Turawa a bakin teku. Iƙamata, wato takardar izinin zama, ta kusa ƙarewa, sabuntawa sai maigida ya yarda, shi kuwa sai abin da Madam ta ce. Ban damu ba. A gidanmu kiwon ragon layya muka gada, in an ce a shirya dabba don idon jama'a na san abin da ake nufi.

Na dinga ɗura masa ragowar shinkafa da kitse, na hana shi guje-guje kada ya zubar da abin da ya ci. Gashin nan na sa safar hannu na shafe shi da man zaitun har ya kwanta luf. Kare ya yi ɓulɓul, ni kaina sai da na yi alfahari.

Ranar gasa Madam daga filin jirgi ta wuce can. Alƙaliyar wata tsohuwar Baturiya ce. Ta ɗora karen kan tebur, ta duba haƙora, ta ɗaga wutsiya, sak yadda ake yi a kara, har na fara murmushi. Sai ta zagaye ƙirjinsa da hannu biyu. Yatsu suka ƙi haɗuwa. Ta matsa, kare ya yi gyatsa.

Ta yi wa Madam bayani, Madam ta juyo min da shi cikin Larabci mai zafi. Wai irinsu don shiga ramin yanyawa aka yi su, saboda haka ƙa'ida ce hannu biyu su zagaye ƙirji, gashi kuma ya yi kaushi don ƙaya. Raina ya ɓaci, na tambaya wace yanyawa ce a Jidda.

"Halas, magana ta ƙare," in ji Madam. "Ranar da yatsu suka haɗu, ranar za a sabunta iƙama."

Haka na koma gudu da kare a bakin teku kowace safiya, ina sunkuyar da kai in na hango Bahaushe. In mun dawo in tsuguna in auna. Ni na fara ramewa kafin shi, don tsoron a mayar da ni gida ya hana ni cin abinci.

Safiyar da yatsuna suka taɓa juna, ban san lokacin da na rungume karen nan ba, da hannu tsirara, ina hawaye. Ya lashe min gemu, na bar shi.