Baba Ya Dafa Kujera

Daren jiya wani irin mafarki na yi, 'yan'uwa, har yanzu jikina bai sake ni ba. Ku yi haƙuri, sai na ɗan faɗa muku halin da nake ciki kafin ku gane shi.

Na daɗe ina fama da gwiwata ta dama. Ta ƙi lanƙwasuwa, salla ma a kan kujera nake yi. An yi gashi, an yi ƙaho, an shafa man da ya kusa saluɓe mini fata, shiru kake ji. Daga ƙarshe wani likitan ƙashi ya ɗora ni a kan wata allura da ake yi a cikin gaɓar. Sunanta ya fi ƙarfin bakina, amma ya ce ruwan sukari ne. Wai da gangan ake tsokanar wurin ya kumbura ya yi zafi, don jiki ya farga ya zo ya gyara jijiyar. Ya kuma hana ni maganin kashe ciwon da na saba sha, wai zai ɓata aikin, sannan ya ce wasu na dacewa, wasu ba sa dacewa. Kun ji fa. Ciwo ya kai ni, an ƙara mini ciwo, ni ce kuma da godiya.

Saboda Baba na yarda. Mahaifina ya tsufa, idonsa ya tafi, kullum yana kwance a kan tabarma a ɗakinsa can garinmu. Da hannu yake gane 'ya'yansa. Sai ka durƙusa, ya lalubo kanka ya dafa, ya kira sunanka, ya sa maka albarka. Ni sunan mahaifiyarsa na ci, Uwata yake ce mini. Zuwana na ƙarshe a tsaye na gaishe shi, ya ɗaga hannu yana ta lalube a iska. Yayata Hajara ta jawo kujerar roba ta ce in zauna in sunkuyo masa. Na ce Allah ya sawwaƙe in hau kujera Baba yana ƙasa. Tun ranar ban koma ba, na ce sai na warke.

To a mafarkin, ga ni a kan gadon asibiti, amma bangon ɗakin na ƙasa ne. Mai allurar ba likitan ba ne, wata mata ce da ban ga fuskarta ba. Tana zaune tana dama sukari a ƙwarya da ludayi kamar mai dama fura. Ta zuƙa a sirinji ta caka mini, ta sake zuƙa ta caka, har ƙwaryar ta ƙare.

Ta ce, "A bar shi ya yi ciwo."

Na ce, "Baiwar Allah, har zuwa yaushe?"

Ta kife ƙwaryarta, ko kallona ba ta yi ba.

Sai kawai na ji gwiwar ta saki. Na lanƙwasa ta, ta lanƙwasu, babu ko ɗigon ciwo. Wallahi murnar da na yi ko a farke ban taɓa yin irinta ba. Na diro daga gadon ina cewa a kai ni wurin Baba.

Sai kawai na gan ni a cikin ɗakinsa. Yana kwance a tabarmarsa da farar riga, butarsa a gefe. Na yi sallama na fara durƙusawa. Ina kaiwa rabi sai sukarin ya daskare a cikin gwiwar, ƙam, kamar alewa ta huce. Ban kai ƙasa ba, na kuma kasa miƙewa. Na tsaya a haka, cinyoyina na rawa, bayana na neman tsinkewa.

Kiyashi suka fito daga ƙarƙashin tabarmar a layi. Suka hau ƙafata, suka shiga ta hudojin allurar, kowanne ya fito da ɗan farin abu a baki. Ina jin tafiyarsu a cikin ƙashina. Na tuna na ƙulle ƙwayar maganina a gefen mayafi, na hau kwancewa. In na kwance ƙulli sai in tarar da wani ƙullin a ciki. Daga cikin bango muryar matar nan ta sake cewa a bar shi ya yi ciwo.

Na waiga in kira wani ya taimake ni, babu ƙofa. An shafe wurin da ɗanyar ƙasa, har da shatin yatsu a jiki. A waje ina jin ana shimfiɗa tabarmi, ana cire takalma, mutane da yawa. Hajara tana ta cewa, "Sannunku da zuwa, sannunku." Na ƙwala mata kira, ba ta amsa ba.

Sai kawai ga kujerar robar nan a gefena, ban ga wanda ya kawo ta ba. Haushinta ya kama ni, na kawar da kai.

Baba ya ɗaga hannu. Ya ce, "Ina Uwata?"

Na buɗe baki in ce ga ni, ashe bakina cike yake da sukari, magana ta ƙi fita. Hannunsa ya zo ya wuce ta ƙasan haɓata, saura kaɗan. Ya dawo, ya sake wucewa. Ina ta turo kai, gwiwar ta riƙe ni. Can sai hannun ya faɗa kan kujerar. Ya shafa ta, ya dafa wurin zaman, ya yi murmushi.

Ya ce, "Yauwa, ga ki. Allah ya yi miki albarka."

Kujerar da babu kowa a kai ya sa wa albarka, ina tsaye ina kallo. Lokacin na yarda, na ce a raina zan zauna, wallahi zan zauna, amma ko motsi na kasa. Hannun ya zame daga kujerar a hankali ya sauka kan tabarma. A waje kuma kowa ya yi shiru.

Kiran sallar asuba ne ya tashe ni. Gwiwar ta kumbura ta yi zafi rau, matashina ya jiƙe, hannuna kuma yana dafe a tsakiyar kaina, ban san lokacin da na ɗora shi ba.

Gari na wayewa na kira Hajara a waya. Ta ce Baba lafiya, ya ɗan sha kunu, ya ma tambaya ko Uwata ta warke. Jibi zan koma a yi mini wata allurar, kuma likita ya ce da sauran tafiya.

Don Allah masu sanin fassara, ku taimake ni, tsoro nake ji. Mafarkin nan cewa yake in daure har gwiwar ta kai ni ƙasa, ko cewa yake in hau mota yau in je in zauna a kujerar, tun hannun yana iya ɗaguwa?