Gardamar Injin Da Ta Mayar Da Yaya Habu Gida

Shekara goma sha shida ke nan da aka kira ni daga Kano aka ce Yaya Habu ya rasu. Duk shekara in watan ya zagayo, nakan yi masa addu'a in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya ishe ni, don akwai maganar da iyalinsa ba su sani ba, kuma daga bakina ya kamata su ji ta.

Ba uwa ɗaya muke ba. Ɗaki ɗaya muka zauna a Mansura, mu shida, a farkon zuwana Doha. Shi ya nuna mini hanyoyin gari, shi ya koya mini ɗan Larabcin da na fara neman abinci da shi. Bakanike ne tun daga Ƙofar Ruwa a Kano, amma a takarda direba aka rubuta shi. Kafil ɗinsa, wato Balaraben da ya ɗauko shi aiki, yana Al Rayyan, ni kuma ina tuƙa ƙanen mutumin.

Gidan na da direbobi biyu ban da shi. Mota ɗaya ce ta riƙe Yaya Habu a wurin, wata tsohuwar motar Amurka mai ƙofa biyu da injin silinda takwas, irin wadda in an tayar da ita kofuna ke rawa a kan tire. Babu mai taɓa ta sai shi. Yakan ɗora bakin doguwar sukudireba a jikin injin, ya manna mariƙin a kunne, ya lumshe ido, can ya ce, "Silinda ta shida ce ke tari." A buɗe kuwa a tarar haka ne.

Gardamarmu a kanta take, duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci an baza farantin shinkafa. Na karanta 'yan mujallu, kaina ya kumbura. Nakan ce lokaci ya yi da masu ƙera irin wannan mota za su riƙa fitar da ita da ƙaramin inji mai turbo, ga gudu, ga ƙarancin shan mai. Sai ya ajiye cokali. "Haba Lawal! A ƙasar da mai ya fi ruwan sha araha? Turbo ai hura iska ne, a wahalar da ƙaramin inji ya yi aikin babba. A zafin nan na Doha shekara nawa zai yi? In ka cire mata muryar nan me ya rage, fenti?" 'Yan ɗaki su kwashe da dariya, ni kuwa in cika in batse, don bai taɓa bari na ci ba.

Muna da wata ƙa'ida a tsakaninmu, shi ne ma ya koya mini ita ranar da na iso. In kafil ya tambaye ka abin da ya shafi aikin ɗan'uwanka, ka ce ba ka sani ba, a tambayi mai aikin. Zamanka a ƙasar a hannun kafil yake, kalma ɗaya sai ta sa mutum ya haɗa kayansa.

Wata la'asar na kai maigidana majalisar yayansa. Ina tsaye a bakin ƙofa suna shan gahawa, suna zancen wata sabuwar motar Turai mai turbo. Sai kafil ɗin Yaya Habu ya juyo ya ce, "Kai fa, me ka gani? In sayar da tsohuwar?" Wallahi na san amsar da ta kamata. Amma ga manyan mutane sun zuba mini ido, ga haushin kayen da nake sha duk Juma'a. Na zazzage duk abin da na karanta. Har na ƙara da cewa sabuwar ba ta buƙatar mai saurarenta da kunne, da na'ura ake duba ta. Mutumin ya ce, "Khalas," wato magana ta ƙare. Na fita ina murmushi kamar abin kirki na yi.

Cikin wata guda aka sayar da motar. Da kwantiragin Yaya Habu ya ƙare ba a sabunta ba, ba a kuma sake shi ya nemi wani wurin ba. Ya koma Kano, ga 'ya'ya biyar a makaranta, ga ginin da bai kai linta ba. Ya shiga tuƙin motar haya tsakanin Kano da Kaduna da furfurarsa, a wannan hanyar hatsari ya ɗauke shi. Na san kwanansa ne ya ƙare, na yarda da haka. Amma bakina ne ya ɗora shi a kan hanyar, wannan kuma ba ya barina.

Yau ga shi abin da na faɗa ya tabbata. Ana sayar da irin motar da ƙaramin inji mai turbo, samari na ta musu a kai a waya, har na ji ana cewa wasu motocin ana ƙara musu ruri ta lasifika don direba ya ji kamar babban inji yake ja. Nakan tambayi kaina me zai ce. Ina jin dariya zai yi har ya riƙe ciki, ya ce tunda sai da suka ari muryar, ai sun bi bayansa. Ni dai na ci gardamar, ban taɓa jin daɗin cin ba.

Hajiya Rabi, uwargidan Yaya Habu, ke da yara, kuna kirana amininsa. Ku yafe mini. Ranar da na raka shi filin jirgi, ya zuge jaka ya miƙo mini sukudirebar nan ya ce, "Riƙe, ƙanena. Ka iya magana yanzu, saura saurare." Na ɗauka tsokanarsa ce ta kullum. Sai bayan rasuwarsa wani direban gidan ya gaya mini cewa tun ranar majalisar aka kai masa labari. Wata huɗu muka ƙara yi muna cin faranti ɗaya, bai ɗaga maganar ba. Ya dawo gida, ku ma bai faɗa muku ba.

Wannan rufin asirin shi ne abin da ya bar mini, kuma ya fi ƙarfina. Allah Ya jiƙanka, Yaya Habu, Ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa mini. Sukudirebar tana nan a cikin motata. Na sha manna ta a kunne, har yau ban iya jin komai da ita ba.