Dakta Mai Sauraron Garma

Wai a kasuwar Bagwai akwai mai jin kukan aljanu cikin ƙarfe. Ƙarya ce! Dakta Muntaka ne, dogo kamar falwaya, kwat ɗinsa ta koɗe. A Turai ya karanci yadda harbin ƙwayoyin nukiliya ke barin ƙananan ramuka cikin ƙarfe, iskar hiliyam ta taru ciki har ya tsage. Ya dawo, babu aiki. Yanzu garma yake sayarwa, kowacce sai ya ƙwanƙwasa ya kara a kunne. Yau ko ɗaya bai sayar ba.

Hure mai ƙosai ta ce, "Dakta, me aljanun suka ce?"

Bai ɗago ba. "Ƙarfe kan jure harbi shekara ashirin, Hure. Ni shekara huɗu ƙasar nan ta gama da ni."