Murfin Rijiyar Nemesio

Shekara ashirin da biyar Nemesio Canché yana gina wa mutane ɗakuna a garuruwan gefen birnin Mérida, shi kuwa ɗaki ɗaya gare shi. Ba shi da yawan magana. Ko ranar da matarsa ta kwashe kayanta ta tafi da 'yarsu Nicté, aiki ya fita.

Wata biyar bai ga yarinyar ba. Sannan alƙaliyar kotun iyali ta ba da umarnin wucin gadi: kafin a gama shari'a, Nicté za ta riƙa kwana wurinsa duk Asabar, in jami'ar kula da yara ta duba gidan ta gamsu. Saura kwana tara jami'ar ta zo.

Da gudu ya fito daga kotun. Kafin la'asar ya haƙa tushe. Abokin aikinsa Fausto ya kawo bulo da baki.

"Kai, tsoho, ɗakin 'yar shekara bakwai ne ko fadar gwamna?"

"Miƙo siminti, sarkin surutu."

A rana ta takwas ɗaki ya tsaya, da shuɗin fenti da ƙofar katako mai kauri wadda ya fi alfahari da ita.

Jami'ar, Ofelia Pech, ta zo da rana tsaka. Leƙa ɗakin kawai ta yi, ta wuce bayan gida ta tsaya kan rijiya. Bakin rijiyar a buɗe, ko kaɗan ba ta da katanga. Nemesio a gefenta ya girma, bai taɓa ganin ta a matsayin abin tsoro ba.

"Malam Nemesio, ba zan sa hannu ba. Sai na sake zagayowa, nan da mako uku."

Mako uku! Asabar uku ke nan.

"Ranki ya daɗe, zauna ki sha pozol, kunun masara mai sanyi. Kofi ɗaya."

"Kofi ɗaya fa."

"Fausto! Ciro ƙofar nan!"

"Ƙofar gwamna? Jiya fa ka hana ni taɓa ta!"

Suka ɓalle ta, suka kinkimo. Maƙwabta suka ji bugun guduma suka shigo, wannan da rodi, wancan da kwado. Malama Ofelia na kurɓa a hankali, har da ƙara kofi na biyu ba wanda ya ce mata komai. Aka jera bulo a bakin rijiyar, aka ɗora ƙofar a kai aka ɗaure ta da ƙarfe, aka datse kwado.

Nemesio ya hau kai ya yi tsalle uku, zufa na zuba.

"Sauko," in ji ta. "Na fi ka nauyi."

Ta tuɓe takalmi ta hau, ta buga ƙafa. Ko motsi. A tsaye a kan murfin ta zaro takardar ta sa hannu. Tsakar gida ta kaure da ihu.

"Asabar, ƙarfe tara, ka ɗauko ta a gidan kakarta. Kada ka makara."

"Makara?" in ji Fausto. "Tun bakwai za su same shi a bakin ƙofa, har da wanka."